Suwaiba Mai Fayil

A unguwar Ali Kazaure, idan aka ce Suwaiba sai an tambaya wacce daga ciki, amma idan aka ce Mai Fayil ba wanda zai ƙara tambaya. Doguwar mace ce baƙa, marar yawan fara'a, kullum da jakar fata a hammata da lema a hannu, saboda ruwan saman Jos da ba ya ba da sanarwa. Ba don yabo aka laƙaba mata sunan ba. Uwa idan ɗanta ya ishe ta sai ta ce, "Bari Mai Fayil ta zo wucewa in ce ta rubuta ka." Suwaiba ta sha jin haka da kunnenta ta bayan katanga, ba ta taɓa juyowa ba.

An haife ta a shekarar 1964 a gidan Malam Jika mai gyaran keken ɗinki, wanda mahaifinsa ya taso daga ƙasar Katsina zuwa haƙar kuza, ya zauna bai koma ba. 'Ya'ya mata uku Malam Jika ya haifa, ita kaɗai ce ta wuce sakandare, ba don ya fi son ta ba, sai don ita ce ta hana shi sakat har ya amince. Ta yi kwas na aikin walwalar jama'a, gwamnati ta ɗauke ta, aka ajiye ta a ɓangaren yaran da suka yi laifi, teburin da sauran ma'aikata ke gudu. Ta yi aure ta haifi 'ya ɗaya, wadda daga baya aka kai aure Bauchi. Mijin direba ne, ya rasu a hatsari tun 'yar tana firamare, Suwaiba ta tattara ta koma ɗakinta a gidan mahaifinta, ba ta sake aure ba.

Aikin nata ba mai jawo masoya ba ne. Idan 'yan sanda suka kama yaro, ita ce za ta je ta duba ko an raba shi da manya a inda ake tsare da shi. Ita za ta nemo iyayensa, ta shiga gidansu ta ga inda yake kwana da abin da yake ci, ta je makarantarsa in yana zuwa, sannan ta zauna ta rubuta wa kotu rahoto: wane ne yaron nan, me ya kai shi, ina ya fi dacewa a kai shi. In an sake shi ita za ta riƙa bibiyarsa, in an tura shi gidan gyaran hali ita za ta riƙa leƙa shi. Iyayen yara suna kallonta a matsayin 'yar leƙen asirin gwamnati, waɗanda aka yi wa laifi kuma suna ce mata lauyar ɓarayi. Ita ma ba ta taɓa nuna tana ƙaunar yaran ba. A shekarunta na farko takan yi kuka tare da su, har ranar da wani da ta roƙa wa sassauci da safe ya yanke mata jaka a harabar kotun kafin azahar. Tun daga ranar ta daina yarda da hawaye, ta koma yarda da abin da za ta iya tabbatarwa.

Ƙawa ɗaya gare ta a duniya, Talatu, wadda gida biyu ne tsakaninsu. Tare suka yi makarantar allo, tare suka yi tallan gyaɗa a bakin tasha. Talatu ce kaɗai ke iya shiga ɗakin Suwaiba ba sallama ta buɗe tukunya. Ɗan Talatu na fari, Uzairu, a bayan Suwaiba ya girma, Inna yake ce mata. Ya tashi ya zama tela mai hannu, har daga Bukuru ake kawo masa ɗinkin salla.

Wata ranar Talata a watan Maris na 2022, bayan la'asar, Uzairu yana tsaye a ƙofar shagonsa yana waya, wasu samari uku suka zo wucewa, ɗaya ya fizge wayar. Uzairu ya cafke rigarsa. Yaron ya zaro wuƙa daga ƙugu ya yanke shi a wuyan hannun dama, yanka mai zurfi. Biyun suka tsere, shi kuwa jama'a suka tare shi, da ƙyar 'yan sanda suka ƙwace shi da rai. A asibiti likita ya ce jijiyoyi sun tsinke, yatsu uku ba lalle su sake motsi ba.

Washegari da sassafe Talatu ta shigo ɗakin Suwaiba, idanunta sun kumbura.

"Suwaiba, kin ga abin da suka yi wa ɗanki. Ke ce a kotu. Ina so yaron nan ya ruɓe a kurkuku, in ji an ce ya tsufa a can."

"Ba lalle ya biyo ta teburina ba," in ji Suwaiba. "An ce babba ne."

"To Allah ya sa."

Suwaiba ma a ranta abin da ta ce ke nan.

Ranar Alhamis ta je caji ofis duba wasu yara biyu da aka kama da satar ƙarfe. A kan hanyar fita ta leƙa ɗakin manya kamar yadda ta saba, ta hango wanda ya yanki Uzairu a lungu, fuska a kumbure, tsakanin ƙartai tara. Ta nemi takardarsa. Zainulabideen, ana ce masa Zainu, shekara goma sha tara. Dogo ne, har da ɗan gashin baki ya fara tsirowa. Amma ta shekara talatin tana kallon yara, ta san kafaɗar da ba ta gama buɗewa ba, ta san muryar da ba ta gama zama ba. Ta ce a fito mata da shi.

"Shekararka nawa?"

"Ba ga shi nan sun rubuta ba? Ko ba ki iya karatu ba ne, Madam?"

"Ni na tambaye ka."

"Arba'in."

"Ka san mutumin da ka yanka ba zai ƙara ɗinki ba?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Wa ya ce ya riƙe ni?"

Ta ji hannunta yana ƙaiƙayin mari. Ta matse biro har ya kusa karyewa. Da za a mayar da shi ya juyo ya tofar da yawu, ya sauka a gefen hijabinta. Ɗan sandan da ke riƙe da shi ya yi dariya ya ce, "Madam, kin ga yaron naki ko? Ki bar shi a sha tara kowa ya huta."

Daga nan ofis ta wuce, wurin shugabanta, Mista Ojo, wanda aka haifa a Jos kuma yake jin Hausa kamar ita.

"Oga, akwai wanda aka rubuta sha tara, ina zargin bai kai ba. Amma ka ba wani. Wanda aka yanka ɗin ni na goye shi."

Mista Ojo ya cire tabarau ya murza ido. "In ba wa? Mu uku ne a nan. Chima ba zai shiga unguwar da uwar yaron take ba, ke ma kin sani, ko ya shiga ba mai buɗe masa baki. Ni kuma kotu biyu ke hannuna. Ki rubuta a shafin farko cewa kin san wanda aka ji wa ciwo, majistare ta yanke ko za ta karɓa. In kuma ba ki so, ki yi kamar ba ki leƙa ɗakin ba. Ba wanda ya aike ki."

Ta daɗe tsaye a gaban teburinsa. Sannan ta ɗauki sabon fayil ta rubuta sunan yaron a bango.

Uwar Zainu, Ummi, tana zaune a wani gidan haya can gangaren rafi, ɗaki ɗaya ita da yara huɗu, tana soya awara a ƙofar gida. Uban ya tafi Kudu da daɗewa, ba aike ba labari. Da ta ga jaka da fayil sai ta miƙe ta tare ƙofa da jikinta.

"Kun ɗauki ɗaya, sauran kuka zo ɗauka?"

"Takardar haihuwarsa nake nema."

"Ta ƙone. Gidanmu na farko ƙurmus aka yi masa a rikicin dubu biyu da takwas, da zanin jikina na fito, shi yana goye. Kina ina lokacin, ke da gwamnatin taki?"

"Yana goye kika ce?"

"Ya fara tafiya, amma goya shi na yi don mu yi gudu."

Suwaiba ta yi lissafi a ranta, ta ga ɗan goye a wancan lokacin ba zai kai sha tara yanzu ba. Ta tambayi makarantar da ya yi, aka ce ya bari tun aji huɗu, makarantar ma ta rufe. Ta tambayi inda aka haife shi. Ummi ta yi tsaki, ta juya awara, sannan ta ce a wani ɗan ɗakin haihuwa ne na wata nas mai suna Pauline, a tsohuwar unguwarsu, can tsallake, inda yanzu mai hijabi ba ta zuwa sai da dalili.

Ranar Litinin Suwaiba ta hau Keke Napep. Mai keken ya sauke ta a bakin gada ya ce iyakarsa ke nan. Ta taka sauran da ƙafa. Samarin da ke zaune a bakin wani shagon aski suka yi shiru suna bin ta da ido, ɗaya ya ce, "Hajiya, hanya ya ɓace ne?" Ta nuna katin aikinta ba tare da ta tsaya ba. Sai da ta tambayi mutum huɗu kafin wata mai sayar da tumatir ta nuna mata gidan da baki.

Pauline ta tsufa, ta rufe ɗakin haihuwar shekaru da yawa, tana zaune a baranda da ƙafa ɗaya a kumbure a kan kujera. Ba ta ce wa baƙuwar ta zauna ba.

"Kai ne daga ofishin walfiya na gwamnati? Mutanenku sun ƙona shagon ɗana, yanzu ka zo neman taimako."

"Ba taimako na zo nema ba, Mama. Littafi na zo dubawa."

Tsohuwar ta kalle ta sama da ƙasa, sannan ta ƙwala wa jikarta kira, aka jawo wani tsohon akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Littattafan rajista ne guda goma sha ɗaya, gefensu duk gara ta taɓa. Awa biyu Suwaiba ta yi a tsugune tana bin layi da yatsa. A littafi na takwas ta gani: Ummi, namiji, ranar tara ga Agusta, 2006.

"Na tuna uwar," in ji Pauline. "Ƙaramin yarinya ne lokacin, ya cije ni a hannu. Yaron ya yi me?"

"Ya yanki hannun tela."

"To me ya sa kana wahala a kansa?"

Suwaiba ta ciro wayarta. Ta ɗauki hoton shafin, ta sa tsohuwar ta rubuta shaida ta sa hannu. Zainu bai ma cika sha shida ba.

Kwana uku takardar tana cikin jakarta ba ta nuna wa kowa ba. A rana ta biyu ta je asibiti. Uzairu yana zaune a gado, hannun a naɗe, matarsa da ciki wata bakwai tana ba shi kunu da cokali. Ya yi ƙoƙarin motsa yatsun don ya nuna mata, babu abin da ya motsa sai babban yatsa.

"Inna, ɗinkin mutane ashirin da uku ne a shago, ga azumi ya matso. Ko almakashi ba zan iya riƙewa ba."

Ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta fito baranda ta jingina da bango. Babu wanda ya san ta je tsallake sai Pauline da mai keke. Da ta yaga takardar ta watsa a kwata, Zainu zai tafi kotun manya, ya sha shekarunsa a kurkuku, kuma a ganinta bai cancanci ƙasa da haka ba. Ba tausayinsa take ji ba ko kaɗan. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne za ta sa hannu a ƙarƙashin lambar da ta san ƙarya ce. A rana ta uku ta ajiye takardar a teburin Mista Ojo, ta ce, "Ga ta nan, kada ka ce mini komai."

Aka cire Zainu daga ɗakin manya, aka mayar da shari'ar kotun da ke sauraron ƙarar yara. A watan Yuni aka zauna, ƙofa a rufe, ba 'yan kallo, sai majistare da mataimakanta, da mai gabatar da ƙara, da Ummi, da Uzairu da mahaifiyarsa. Majistare ta karanta shafin farko ta ɗago ta kalli Suwaiba, ta ce ta ci gaba.

Ta miƙe ta karanta rahoton da murya ɗaya, ba hawa ba sauka. Yaron shekararsa goma sha biyar da wata goma. Yana shan ƙwaya tun yana sha uku. Ba ya kwana a gida sai ya ga dama, uwar ba ta da iko da shi. Bai nuna nadama ba ko sau ɗaya a zama biyar da ta yi da shi. Wanda aka yanka ya rasa sana'arsa, yana da iyali. Ba ta ba da shawarar a mayar da yaron hannun uwarsa ba. Doka ba ta yarda a kai shi cikin manya ba, don haka a kai shi gidan gyaran hali, a koya masa sana'a, a raba shi da ƙwaya. Majistare ta amince.

Talatu ba ta jira an fita harabar ba.

"Ke kika je kika tono masa takarda? Ke, Suwaiba? Da ƙafarki kika tsallaka gada saboda wanda ya nakasa Uzairu?"

"Shekarunsa ke nan, Talatu. Ba ni na haife shi ba."

"Wa ya tambaye ki? Kowa ya yarda sha tara ne, shi kansa bai musa ba! Gidan gyaran hali! A ba shi shinkafa a koya masa walda, ɗana kuma matarsa ke ɗaura masa wando. Allah ya isa tsakanina da ke."

Uzairu ya wuce ta kamar bai taɓa ganinta ba. Kafin ta kai bakin titi Ummi ta sha gabanta, ita ma tana huci.

"Ashe abin da kika zo yi gidana ke nan? Kika tsaya gaban alƙali kika ce ban iya tarbiyya ba? Da na sani da man awara na watsa miki."

Unguwa ta ɗauka. Kafin Juma'a labari ya zama an saye ta, wasu suka ce uban yaron wani babba ne a ɓoye, wasu suka ce dama aikinta ke nan tun fil azal. A Islamiyyar matan aure da take zuwa ran Asabar, tabarmar da ta zauna sai ta zama tata ita kaɗai. Mai kayan miyan da ta shekara ashirin tana saye a wurinsa ya ce tattasai ya ƙare, ga shi tuli a gabansa. Sau biyu tana tashi ta tarar an juye ruwan wanke-wanke a ƙofar ɗakinta. Da matar Uzairu ta haihu, aka yi suna, aka raba goro gida-gida aka tsallake nata. Talatu ta aiko da wata babbar tukunya da ta ara tun bikin Uzairu, an wanke ta tas, ba saƙo.

Mai unguwa ya kira ta zaure, ya ce ta je ta ba Talatu haƙuri a wuce wurin.

"Ranka ya daɗe, in ce mata me? In ce na yi kuskure? Ban yi ba."

"Malama Suwaiba, mutum ba ya zama shi kaɗai a unguwa."

"To ga ni ina zaune."

Ta fito tana jin wani dattijo a zauren yana cewa taurin kan nan tun tana yarinya ne, Malam Jika ma da baƙin cikinsa ya tafi. Maganar ta soke ta fiye da ruwan wanke-wanken, amma ba ta koma ta tanka ba.

Duk wata sai ta je gidan gyaran halin, don aikinta ne. Zainu yakan zauna ya juya mata ƙeya, ta yi tambayoyinta, ta rubuta "ya ƙi magana", ta tashi. A zuwa na biyar ta ga yana ɗingishi. Ta ce ya ɗaga riga, ya ƙi, ta sa aka ɗaga. Bayansa duk shatar wayar wuta. Ta rubuta ƙorafi shafi uku a kan mai gadin da ya yi dukan, ta kai da hannunta har sama. Aka canza wa mutumin wurin aiki. Daga ranar ma'aikatan gidan suka riƙa barin ta tsaye a bakin get rabin awa kafin a buɗe, ko ana ruwa. Zainu kuwa da ta sake zuwa cewa ya yi, "Wa ya sa ki? Yanzu kin sa duk sun tsane ni."

"Ni ma ba son ka nake ba," in ji ta. "Zauna in yi abin da ya kawo ni."

A watan Agusta na 2023 aka sake shi a ƙarƙashin kulawarta, da sharuɗɗa uku: ya zo ofis duk Litinin, ya riƙa zuwa wurin mai waldar da ta samo masa a Farin Gada, kuma kada ƙafarsa ta taka layin shagon Uzairu. Sai da ta bi masu walda shida kafin ɗaya ya yarda ya karɓe shi. Wata biyu yana zuwa. Mai waldar har ya ce yaron yana da hannu in ya so. Sannan Litinin ɗaya ta wuce, ta biyu ta wuce. Ta je gidan Ummi, aka ce ba ya nan, alhali tana ganin takalminsa a bakin ƙofa. A mako na uku tana dawowa daga aiki da yamma ta gan shi da idonta, zaune a kan benci daura da shagon Uzairu, shi da abokai biyu, yana yanke farce da reza yana kallon cikin shagon yana murmushi. Uzairu, wanda yanzu zare da maɓalli yake sayarwa da hannun hagu, yana ciki ya sunkuyar da kai.

Da safe ta rubuta wa kotu cewa ya karya sharuɗɗa biyu cikin uku, ta nemi a mayar da shi. Aka mayar.

Ummi ta zo ofis ana tsakiyar aiki, ta tsaya a tsakar ɗaki ta cire mayafi ta ɗaure a ƙugu.

"Zama kawai ya yi! Benci na gwamnati ne? Kin fito da shi don ki sake kamawa, wasa kike da ɗana kamar kyanwa da ɓera! Ke da ba ki haifi namiji ba ina za ki san zafinsa? In sha Allahu ba za ki gama lafiya ba!"

Chima ya tashi zai fitar da ita, Suwaiba ta ɗaga masa hannu. Ta bari matar ta zage ta har muryarta ta dushe, sannan ta ce, "Ranar ziyara Laraba ce. Ki tafi masa da rigar sanyi, wadda yake da ita ta yage."

Wanda ya yi zaton mayar da Zainu zai wanke ta a unguwa bai san unguwar ba. Cewa aka yi ai da ba ta fito da shi tun farko ba da bai zauna a bencin ba. Talatu ta aiko mata da magana ta bakin wata maƙwabciya, cewa ko yanzu aka rataye yaron yatsun Uzairu ba za su dawo ba, kuma kada ta kuskura ta ɗauka an yafe.

A watan Afrilu na 2024 ta cika sittin, ta yi ritaya. Aka yi ɗan taro a ofis, lemo da biskit, Mista Ojo ya ba ta agogon bango. Ta miƙa fayil ɗari da goma sha huɗu ga wata sabuwar ma'aikaciya mai suna Kafayat, yarinya mai yawan murmushi, ta ce mata ta sayi takalmi mai ƙwari kuma kada ta taɓa rubuta shekarun da ba ta tabbatar ba. Ba ta ƙara wata biyu a Ali Kazaure ba. Mijinta ya bar mata wani fili a Kuru mai ɗaki biyu, ta sa aka yi masa rufi, ta kwashe kayanta da rana tsaka a bayan a-kori-kura. Mata suna leƙe ta ƙofofi, ba wadda ta fito ta ce Allah ya kiyaye hanya. A can ta shiga kiwon kaji da noman dankalin Turawa a bayan gida. Ta ji an ce an sallami Zainu da ya cika sha takwas, ya bi wata motar kaya zuwa Legas. Ba ta nemi ƙarin bayani ba, fayil ɗin ba nata ba ne kuma.

Bara da damina wata lambar da ba ta sani ba ta kira ta da hantsi. Muryar Uzairu ce. Ya ce Mama, wato Talatu, ta rasu da asuba, za a yi jana'iza ƙarfe biyu, ya kashe.

Ta isa an riga an kai ta. Tsakar gidan cike da mata, duk ta san su, wasu ita ta raka su ɗakin miji. Ta yi sallama, mutum biyu suka amsa can ƙasa-ƙasa. Ba wadda ta matsa mata a tabarma, sai ta tsuguna a bakin rijiya ta yi addu'arta. Wata daga cikin ƙannen Talatu ta ce da ƙarfi, ba tare da ta kalle ta ba, hawan jinin Yaya ai an san ranar da ya fara, an kuma san wanda ya jawo. Suwaiba ta shafa fatiha ta miƙe, gwiwoyinta suna ƙara.

A waje Uzairu ya taso daga cikin maza ya biyo ta har bakin titi, hannun daman a cikin aljihu. Ya rame, furfura ta fara fito masa a gemu.

"Allah ya jiƙanta, Uzairu. Allah ya ba ku haƙuri."

"Amin." Ya kalli titi. "Ni ban so kiran ki ba, Inna, gaskiya ce. Har yanzu in na tuna ranar kotun nan sai in ji ba na son ganin ki. Ita ce ta ce, shekaranjiya, in ta mutu a faɗa miki da wuri, kada ki ji a bakin mutane."

"Ta ce wani abu bayan wannan?"

"Ba ta ce ba. Na tambaye ta ko in kira ki ku gana, ta ce a'a."

Ya tare mata keke da hannun hagu, ya faɗa wa mai keken tashar motocin Kuru, ya juya ya koma wurin zaman makoki. Hadari ya haɗo ta gabas. Suwaiba ta shiga ta zauna a gefe, mai keken ya saki labulen leda saboda yayyafin da ya fara, suka hau titi.